Adisa da Takardar Ajin Farauta

Shekara tara ke nan ƙofata tana kallon ƙofar Adisa, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Mount Hope ta Bronx, taku kaɗan daga titin Grand Concourse. A shekarun nan ban taɓa ganin ta sa hannu a takarda ba sai ta juya ta ga abin da ke bayanta. Idan mai gyaran famfo ya zo, tana tsaye a kansa har ya tattara kayansa. Matan benen suna ce mata Hajiya Kwastan, amma a bayan idonta.

Haifaffiyar Kumasi ce, a zangon Aboabo, 'yar wani mai fataucin goro. Tana da shekara ashirin da shida ta biyo mijinta Yussif zuwa New York. Ta yi kitso a Harlem shekara biyu, tsayuwa ta kashe mata ƙafa, sai ta koma ta yi kwas ɗin kula da tsofaffi. Tun daga nan kwana shida a mako take hawa jirgin ƙasa na layin D zuwa gidan wata tsohuwa 'yar shekara casa'in, ta yi mata wanka, ta ba ta magani, ta dafa mata abinci marar gishiri. Shi kuwa Yussif motar ɗaukar marasa lafiya yake tuƙawa, yawanci masu zuwa wankin ƙoda, kuma Asabar ita ce ranar da ya fi aiki. 'Ya'yansu biyu: Muniratu mai shekara goma sha biyu, da Fauzia mai shida. In iyayen ba sa nan, Fauzia a ɗakina take wuni.

Ba da wannan hali aka haifi Adisa ba, ita ma ta faɗa. Tana ƙarama aka kai su hutu gidan kakarsu a wani ƙauye kusa da Ejura, ita da yayanta Rashidu. Wani ɗan maƙwabta ya ɗauko bindigar babansa, irin wadda maƙera ke ƙerawa, ya miƙa wa Rashidu ya ce babu komai a ciki. Adisa tana tsaye a gindin mangwaro, ba ta kai taku goma daga wurin ba. Rashidu ya rasa yatsu uku da ido ɗaya, koyon ɗinkin da ya fara ya tsaya nan. Ta ce min ba ƙarar ce ta zauna mata a rai ba, irin natsuwar da yaron ya yi maganar da ita ce. Ba ƙarya yake yi ba. Shi ma abin da ya ɗauka ke nan.

To, wannan matar ce 'yarta ta kawo wa takardar ajin farauta.

Wata Talata ce a watan Agusta, bayan la'asar. Ina kicin ɗinta ina taya ta yankan kuɓewa, Muniratu ta shigo ta ajiye takarda a kan tebur, ta ja baya kamar wadda ta ajiye garwashi. A saman takardar akwai hoton barewa. Aji ne na wuni guda da ake koya wa masu son fara farauta yadda ake riƙe bindiga lafiya da dokokin daji. Ana karɓar yara in sun kai shekarun da aka sa, da sa hannun iyaye, kuma sai an yi aikin gida kafin a je. Kyauta ne.

Adisa ta goge hannu, ta karanta, ta juya bayan takardar.

"Wa ya ba ki?"

"Baban Firdaoussi," in ji Muniratu. Ita Hausa take ji, amma da Turanci take mayarwa, sai kalma ɗai-ɗai.

Baban ƙawarta Firdaoussi shi ne Habibou, mutumin Dosso, mahauci a wani kanti a titin 116, yana zaune a hawa na biyu na benenmu. Kowa ya san duk kaka yana fita bayan gari farautar barewa.

"Yaya, kin gani?" Adisa ta miƙo min. "Kyauta. A garin nan. Su rubuta sunan yarinya Musulma, da lambar gidanta, da cewa ta koyi bindiga. Takardar nan a aljihun wa za ta kwana?"

"Mma, it's just a class," Muniratu ta ce a hankali.

"Ban tambaye ki ba."

Da Yussif ya dawo ya ji, bai ko zauna ba ya ce, "Ai ba komai. Ki bar ta ta je, ni zan kai ta. Ke kina aiki ran Asabar."

Adisa ta ce min a nan ne ta fara zargin akwai wani abu a ƙasa. Mutumin da bai taɓa barin aikin Asabar ba, ko don taron iyaye a Islamiyya, yau shi ne ya ba da wuni guda ba a roƙe shi ba. Amma ba ta ɗora zargin a kansa ba. Ta ɗauka Habibou ne ya cika masa kunne.

Ran Lahadi ta hau jirgi har Harlem ta sami Habibou a bayan kanta yana saran ƙashi. Suka gaisa, ya tambayi maigida da yara. Sai ta fito da takardar.

"Malam Habibou, su waye suke koyarwa?"

"Tsofaffin maharba ne, Hajiya. Aikin sa kai suke yi."

"Sunayen yaran ina ake kai su?"

"Ofishin da ke ba da lasisin farauta. Ni ma sunana yana can shekara bakwai, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa."

"Cikin yaran benen nan duka, wa ya ce ka ba 'yata?"

Nan ya ajiye wuƙa, ya ɗauki tsumma yana goge katakon da ba shi da datti. "Bon, yaran ne suka yi maganarsu tsakaninsu," ya ce, bai kalle ta ba.

Ta dawo ta ce min, "Yaya, mutumin nan ɗan rahoto ne. Amsoshinsa sun yi santsi da yawa, ta ƙarshe kuma ya kasa haɗa ido da ni." Na ce ta ji tsoron Allah, wannan ba ƙaramar magana ba ce a kan mutum mai iyali. Ta ce ita ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Amma daga ranar ta daina sayen nama a wurinsa.

Ta tambayi tsohuwar da take kula da ita. Matar ta yi dariya ta ce ita a gona ta tashi, tana shekara goma babanta ya koya mata harbi. Adisa ba ta ɗauki wannan a matsayin shaida ba, tunda matar nan wani lokaci da sunan ƙanwarta da ta rasu take kiran ta.

Abin da ya karya mata gwiwa Muniratu ce. Yarinya ce da ba ta cika roƙo ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Ta samo littafin ajin, kullum in ta dawo ta zauna a teburin kicin tana cike aikin gida da fensir, a gaban uwar, shafi bayan shafi. Wata rana Adisa ta leƙa ta ga ta zana sawun barewa da na kare tana bambanta su.

"Abin da na hana a gabana, a bayana za a yi shi," ta ce min. "Za ta je. Amma ƙafata ƙafarta. Ina so in ga wanda ke bayan wannan abin da idona."

Yussif ya ce ai ana iya yin ajin ta kwamfuta, ba sai an je ko'ina ba. Ta ce a'a, ba ta san wa ke zaune a bayan allon ba. Sai ya ce wurin da ke kan takardar ya yi nisa, awa ɗaya da rabi a mota, a nemi wani mafi kusa. Ta dube shi. Ran Talata wurin bai yi nisa ba, sai yanzu da ta ce za ta je? Ta ce can ɗin za su.

Samun ranar ya fi yanke shawarar wahala. A bayan ƙofar kicin ɗinta akwai kalandar masallaci, kowane gida a ciki cike yake da rubutu. Asabar da Lahadi da safe yara suna Islamiyya. Ajin kuwa in ka makara ko ka fita kafin a tashi, ba a ba ka shaida. Asabar ta farko ta faɗa ranar sunan ɗan ƙanwar Yussif, kuma Adisa ce mai dafa waake, wato shinkafa da wake, na mutum ɗari. A ta biyu ta roƙi wata abokiyar aikinta su yi musanyar rana, matar ta yarda, ran Alhamis ta bugo ta ce bayanta ya riƙe. Kafin su juya, ajin ya cika, don kaka ta matso kowa yana rububi. Sai ƙarshen Satumba aka buɗe wani. Adisa ta yi Lahadi biyu a jere tana aiki don ta sami Asabar ɗin, ta je ta nemi izinin malamin Islamiyya da bakinta, ta kawo min Fauzia da kwanon abincinta tun da sassafe. Ta kuma zuba shinkafa da kaza a kula, don ta ce ba ta san abin da maharba ke sawa a burodinsu ba.

Abin da ya faru a can, daga bakinta da bakin Muniratu na ji.

Yussif ya kai su. Wani zaure ne na katako a gefen daji, motocin a-kori-kura jere a gabansa. Ya tsaya nesa da ƙofa, ya ce su shiga, shi zai jira a mota, kansa na ciwo. Ciki mutum kusan talatin, manya da yara, Firdaoussi tana can da babanta. Mayafi uku ne kawai a ɗakin. Adisa ta zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, ta fito da biro da littafi. Ta rubuta yawan ƙofofi. Ta nemi kyamara a rufi, ba ta gani ba, ta rubuta cewa ba ta gani ba.

Mai koyarwar mace ce, farar tsohuwa mai gajeren gashi da murya kamar ta namiji. Wajen hantsi ta ɗauko bindiga daga tebur, ta ce ta riga ta duba, babu harsashi. Ta miƙa wa wani mutum a layin gaba, ya karɓa. Ta karɓe ta miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya karɓa. Ta taho tana ratsa kujeru, ta tsaya a kan Muniratu.

Adisa ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "A'a," ta ce da Turancinta na wurin aiki. "Buɗe. Buɗe in gani."

Muniratu ta sunkuyar da kai don kunya. Matar ta juya bakin bindigar ƙasa, ta buɗe, ta nuna wa Adisa ramin, ta sa ɗan yatsa a ciki. Sannan ta juya ga ajin ta ce mutum biyun farko sun faɗi darasin. Duk wanda ya miƙo maka bindiga, ko uwarka ce, kada ka karɓa sai a buɗe, kuma sai ka duba da idonka. Adisa ta koma ta zauna, ta kasa ci gaba da rubutu.

Da aka tashi cin abinci, ta yi sallar azahar a bayan zauren a kan ciyawa. Tana naɗe darduma mai koyarwar ta zo da takardar sunaye a hannu, tana murmushi. Ta nuna sunan mahaifi a gaban na Muniratu, ta ce ko wannan 'yar Yussif ce, direban nan na Bronx? Ta ce ba za ta manta shi ba, shekara biyu da suka wuce ya zauna a layin gaba, ya ci jarrabawa babu kuskure ko ɗaya. Ta ce bara ma ya aiko mata hoton barewarsa ta farko. Ta tambaya yana ina, me ya sa bai shigo ba.

"Yana mota," in ji Adisa. "Kansa na ciwo."

Ba ta je motar ba. Ta koma ta zauna har aka gama. Ta ga an fita da yara fili ana koya musu yadda ake ƙetare shinge in ana ɗauke da bindiga, da yadda mutum uku ke tafiya a jere ba bakin bindigar kowa ya kalli ɗan'uwansa. Ta ga Muniratu ta cike jarrabawa ta miƙa, aka ba ta ƙaramin kati. Habibou ya zo zai yi mata barka, ya ga fuskarta, ya wuce.

A mota ta bari sai da suka hau babban titi, Muniratu ta sa abin jin kiɗa a kunne.

"Baban Muni, malamar tana gaishe ka."

Yussif ya ci gaba da tuƙi, idonsa a kan titi.

"Asabar nawa ka tafi daji kana ce min aiki?" ta ce.

"Biyar."

"Da ranar ajin?"

"Shida."

"Bindigar tana gidana?"

"Wallahi a'a. Ba ni da bindiga. Ta Habibou nake ara, ita ma ba ta shigowa gari. Tana gidan wani mai gonar tuffa, a akwatin ƙarfe." Sannan ya ce, "Kin san babana maharbi ne a Salaga. Tun ina ƙarami nake bin sa. Shekara goma sha biyar ina zaune a bayan sitiyari, Adisa, ina jin hon da jiniya. Na so in zauna a daji in ji shiru. Na san labarin Rashidu, shi ya sa na kasa gaya miki. Da Muni ta fara tambayar Firdaoussi, ni na ce wa Habibou ya ba ta takardar."

"Naman da Habibou ya aiko bara, da na yi mana miyar gyaɗa?"

"Ni na harbe ta. Na yi bisimilla, na same ta da rai na yanka."

"Ka ci, ka ce miya ta yi daɗi, ka ce in yi wa Habibou godiya."

"Na ce."

"Na je har ƙofarsa na yi godiyar."

Suka iso Bronx. Da ta zo ɗaukar Fauzia ta zauna a kujerata da jakarta a cinya. Ta ce, "Yaya, wata biyu ina leƙen taga, ashe abin yana kan gadona." Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi cin ta, in ji ta, ta ɗauki zunubin bawan Allah, ta kira shi da sunan da zai iya raba shi da mutane.

Kwana goma sha ɗaya tana dafa wa Yussif abinci, ta ajiye, ta amsa gaisuwa, shi ke nan. A na sha biyu ta ce ya kai ta gonar tuffa. Suka je ran Lahadi bayan an tashi Islamiyya. Ta sa mai gonar, wani dattijo mai sanda, ya nuna mata akwatin. Ta tambayi makulli nawa ne, wa ke riƙe da su, ina ake ajiye harsashi, jikokinsa suna zuwa gidan? Dattijon ya amsa duka, har ya kawo mata kujera. Ta bi Yussif zuwa gefen gona inda yake zama, ta tsaya ta dubi inda gidaje suke da inda hanya take. A hanyar dawowa ta faɗi sharaɗinta: bana Muniratu za ta bi su, amma kallo kawai, ba za ta riƙe komai ba. Kuma duk Asabar ɗin da za a je, Yussif ne zai rubuta ta a kalanda da hannunsa.

Habibou kuwa ta same shi a kanti ta nemi gafara. Ba ta ɓoye masa abin da ta zarge shi da shi ba. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya." Matarsa dai ta ji labari, kuma har yau gaisuwarsu a lif gajera ce.

A watan Nuwamba Muniratu ta yi fitarta ta farko, da riga ruwan goro a kan rigunan sanyi uku. Adisa tana wurin aiki, wayarta a aljihun gaba. Suka dawo da la'asar sakaliya ba su samo komai ba. Yarinyar ta shigo hancinta ja, tana zuba labari rabi Turanci rabi Hausa: wata barewa ta fito da 'ya'yanta biyu, ta tsaya ta kalle su, Baba ya ɗaga bindiga ya sauke, don ya ce akwai rufin wani gida can bayan itatuwa. Adisa ta sa ta maimaita wannan wurin sau biyu. Sannan ta shigar da ita banɗaki, ta tsefe mata kai, ta bi wuya da bayan kunne tana neman kaska.

Har yau ba ta gaya wa Rashidu ba. In sun yi waya, labarin makaranta take ba shi.

Makon jiya ta sanar da Yussif a gabana cewa ita ma za ta yi ajin in an buɗe na bazara, ta zauna jarrabawar. Ya tambaye ta ko farautar za ta fara. Ta ce Allah ya kiyaye, so take in suna ba ta labari ta san wanda ya ƙara gishiri. Ranar shi zai kai Fauzia Islamiyya, shi zai dafa abincin rana. Ta riga ta rubuta wa ofishinsu tana neman Asabar ta biyu a watan Afrilu, sun ce sai sun sami wadda za ta zauna da tsohuwar. Har yanzu ba su ba ta amsa ba.